Inabina na Ikorodu da ciwon da ke cin gindinsa: littafin aiki

Asabar, 9 ga Nuwamba, 2024

Yau na sare gindin inabi na uku da ya mutu mini cikin shekara guda. Daga yau zan riƙa rubuta duk abin da na yi a lambun nan, domin na lura idan ban rubuta ba sai in rasa wane gindi na yi wa me.

Ga wanda bai san ni ba, albasa nake sayarwa a kasuwar Mile 12. Inabin nan kewar gida ce kawai ta sa ni. A 2020 na je Kudan gaisuwa, Baffa ya yanko mini sanduna 20 a gonarsa, ya naɗe su a jiƙaƙƙen buhu, na sako su a motar albasa. Guda 17 suka kama a ɗan filin da nake haya a bayan Ikorodu. Mutanen kasuwa sun yi ta yi mini dariya wai inabi ba ya yi a Legas, har ranar da na kawo musu kwando suka cinye suna cewa da tsami. Yanzu saura gindi 14.

Duka ukun hanya ɗaya suka bi. Reshe guda ya ƙi toho, na kusa da shi ya fito da ƙananan ganye, kafin wata biyu ɓangaren ya bushe, sannan sauran ya biyo. Baffa ya ce a waya gara ce. Na sa zarto na yanka gangar a tsakiya, ko gara ɗaya babu. Abin da na gani shi ne tabo mai duhu, launin ƙasa, siffar yankan kankana: faɗinsa a wajen ɓawo, tsininsa yana kallon zuciyar itacen. Da na tsaga shi a tsaye sai na ga tabon ya taso ne daga wani tsohon yanka da na yi lokacin aski, wato rage rassa, ya gangaro ƙasa fiye da taƙi biyu. Wurin da tauri, ƙusa ma da ƙyar take shiga.

Na ɗauki hoto na tura wa 'yar yayata ta WhatsApp. Ilimin ƙananan halittu ta karanta, tana bautar ƙasa a Ibadan, a gida muna tsokanarta da Likita. Ta amsa da layi ɗaya: "Kawu, wannan fumfuna ce, ta bakin yanka ta shiga. Kada ka jefar da itacen a cikin lambu."

Laraba, 13 ga Nuwamba

Mun yi kusan awa guda a waya da Likita. Ga abin da na riƙe.

Ciwon gindin inabi dangi ne, ba guda ba. Akwai wanda Turawa ke kira eska, mai sa tsakanin jijiyoyin ganye ya yi zane-zanen ja da rawaya, cikin itacen ya yi laushi kamar soso. Akwai na Eutypa lata, da ya fi damun ƙasashe masu sanyi da ruwa. Sai kuma wani gungu da babbansu a ƙasar zafi shi ne Lasiodiplodia theobromae, kuma shi take zargi a lambuna. Daga itacen koko ya samo suna, don a jikin koko aka fara bayyana shi a ƙasar Ikwado a 1892. Yana kama mangwaro da kashu, yana ruɓar da doya da rogo. Da ta ambaci mangwaro sai gabana ya faɗi, domin a filin maƙwabcina akwai tsofaffin mangwaro biyu masu busassun rassa, ɗaya ma inuwarsa tana kan rumfata.

Ƙurar irinsa tana zaune a mataccen itace. Idan ruwan sama ya buga, sai ta fantsama ta sauka a sabon yanka, ta tsiro, ta bi hanyoyin ruwan itacen tana toshe su. Bakin yanka kuwa yakan yi makonni a buɗe kafin ya warke. To ni a watan Yuni nake yin aski, tsakiyar ruwan Legas, saboda lokacin ne nake samun sarari a kasuwa. Shekara uku ke nan ina buɗe wa ɓarawo ƙofa da hannuna.

Na tambaye ta wane magani zan saya in fesa. Ta ce wanda ya riga ya shiga cikin itace, feshi ba ya kai masa. A Turai sun daɗe suna amfani da wata guba mai arsenik, har Faransa ta haramta ta a 2001 saboda lafiyar ma'aikatan gona, kuma tun daga nan aka ƙara himma wajen neman wata hanya. Ɗaya daga ciki ita ce Trichoderma, wata koriyar fumfuna da ke rayuwa a ƙasa da ruɓaɓɓen itace. Tun 1932 wani mai bincike a Amurka, Weindling, ya nuna tana nannaɗe wasu fumfunoni tana cinye su. Yanzu ana sayar da ita ga manoman inabi: Vintec, wanda asalin irinsa daga ruɓaɓɓen itace aka ɗebo a arewacin Italiya, da Esquive a Faransa. Ana shafa ta a bakin yanka, ta mamaye wurin, ta cinye abincin da ke nan, ta fitar da sinadaran da ke narkar da jikin mugun.

Sai da ta kawo misalin Aflasafe na gane. Shi Baffa ya san shi a gonar masara: ƙwayar dawa ce da cibiyar IITA ta Ibadan ta ɗora wa fumfunar da ba ta da guba, a watsa a gona ta riga mai gubar kama wuri. Na ce ashe kujerar danfo ce, motar hayar Legas, a Ketu da sassafe, wanda ya riga shiga shi ke da wurin zama. Ta ce, "Yauwa Kawu. Amma wanda ya riga ya zauna, ba ta tashe shi. Wannan sai zarto."

Asabar, 16 ga Nuwamba

Shara. Na tattara duk busassun rassan da na jibge a gefen rumfa tun bara, wai zan yi makamashi da su, na ƙone. Na rubuta wa kowane gindi lamba da fenti, 1 zuwa 14. Guda huɗu suna da alama: 3, 7, 8 da 12.

Sabon zarto N5,000, almakashin reshe N8,500, sifirit da bilic N3,200, fenti N4,000.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Na samu Trichoderma a wani shagon kayan gona, leda mai giram 250, N6,500. Can saman kanta take, dab da kwano. Na yi murna da arahar. Likita ta ce kada in taɓa itace da ita sai mun gwada.

Asabar, 30 ga Nuwamba

Ta zo hutun ƙarshen mako, ta mai da kicin ɗin maiɗakina ɗakin bincike. Na sayi tukunyar firesha N38,000, wadda uwargida ta ce tun da ta shigo gidan nan ta zama tata, aro kawai za ta riƙa ba mu.

Abincin fumfunar ba wuya: dankalin Turawa giram 200 a dafa a lita ɗaya ta ruwa, a tace, a zuba gulukos giram 20 da garin aga giram 20, wanda ke sa ruwan ya daskare kamar kamu. Muka zuzzuba kaɗan-kaɗan a kwalaben mayonis, muka dafa a tukunyar minti 20 daga lokacin da ta fara huci. Tukunyar ce ke kai zafi digiri 121, abin da tafasar ruwa a buɗe ba ta kaiwa, kuma sai a wannan zafin ƙwayoyin da ke da taurin kai suke mutuwa.

Kwalba 4 muka barbaɗa wa garin ledar nan. Wasu 4 kuma muka sa musu ƙananan gutsattsarin itace daga gindi na 8, daidai iyakar da tabo ya haɗu da lafiyayyen itace, bayan ta tsoma su a ruwan bilic minti ɗaya ta ɗauraye da dafaffen ruwa. Aga da gulukos N9,000.

Juma'a, 6 ga Disamba

Kwalaben itace: kwana biyu farar auduga ta fito, kwana huɗu ta cika kwalba har murfi, yau ta koma toka-toka tana baƙi. Likita ta ga hoto ta ce kamanninsa da saurinsa na wanda take zargi ne.

Kwalaben ledar shago: wayam. Guda uku ba abin da ya tsiro, ɗaya ta yi wani yauƙi mai wari. Garin matacce ne. Abu ne mai rai, an ajiye shi watanni a ƙarƙashin kwano a zafin Legas, ya dahu a cikin ledarsa. Na koma shagon, mai shi ya ce, "Alhaji, ai ba a buɗe ba ka saya, kuma kwanan watansa bai wuce ba." Na ce masa ko akuya ka ɗaure a buhu ka bari a rana, buhun ba zai nuna ta mutu ba. Bai mayar da kuɗin ba. Araha ba ta ado.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, da ban gwada ba da na shafa hoda a itace na koma gida ina jin na yi aiki. In ciwon ya ci gaba, sai in ce hanyar ce ba ta da amfani.

Asabar, 14 ga Disamba

Likita ta samo rayayyen iri a wurin da take aiki, kwalba biyu kore shar, ta ba direba a cikin kula da ƙanƙara. Na karɓa a Ojota, N3,000. Ɗaya ta shiga firij, ɗaya za mu yawaita.

Na dafa shinkafa derika 4 rabin dahuwa, na raba a leda 10 masu jure zafi, na toshe bakin kowace da auduga na ɗaure da roba, na dafa a firesha. Da suka huce na ɗebi ɗan koren da cokali na sa a kowace. Shinkafa N5,200, leda da auduga N2,500.

Lahadi, 22 ga Disamba

Asara. Cikin leda 10, biyu kaɗai suka yi.

Biyar sun yi ruwa, shinkafar ta dame, warin tsami kamar kunun da ya kwana uku. Na cika dafa ta, kuma ban bari ta tsane ba. Biyu sun yi baƙar fumfuna mai kama da garin gawayi, irin wadda nake gani kullum a wuyan albasa a kasuwa, kuma ba na shakka a jikin rigata na kawo ta, don daga rumfar kasuwa na dawo na hau aikin ko wanka ban yi ba. Taga a buɗe, fanka tana juyawa.

Ta ƙarshen ce ta ba ni tsoro. Ta yi kore, har na ware ta cikin masu kyau. Da na tura hoto Likita ta kira nan take: "Kawu, kada ka buɗe wannan. Dubi launin da kyau." Gaskiya korenta ya karkata ga rawaya, kamar ɗanyen lemun tsami da ya fara nuna, alhali Trichoderma korenta mai duhu ne kamar ganyen kuka. Ta ce mai yiwuwa Aspergillus flavus ce, mai haifar da gubar afulatoksin a gyaɗa da masara. Yaron lambu ya so ya zuba wa kaji lalatattun, na hana. Na sake dafa su a rufe, na haƙa rami na binne.

Wanda duk zai gwada wannan a gida, ya samu mai ido ya duba masa. Kore ba ɗaya ba ne.

Asabar, 28 ga Disamba

Zagaye na biyu, da dawa, N3,000. Na jiƙa ta kwana ɗaya, tafasa ɗaya na sauke, na baza a tsabtataccen zane har sai da na damƙa ba ta jiƙa tafin hannu. Leda 8, kowace rabi kawai na cika don iska ta samu wuri. Dahuwar firesha minti 40.

Sa irin kuwa bayan sallar asuba na yi, na yi wanka, na sa wankakkiyar riga, na rufe taga da ƙofa, na kashe fanka, na goge tebur da hannu da sifirit, na kunna risho a gabana ina gasa cokalin kafin kowace leda. Zufa har cikin ido.

Asabar, 4 ga Janairu, 2025

Leda 7 cikin 8 sun yi kyau. Rana ta uku fari, ta biyar kore ya fara, yau kowace ƙwayar dawa ta lulluɓe. Kullum da yamma nakan girgiza su don kada su dunƙule. Maiɗakina ta shigo ɗakin ta ce wa ya fasa kwakwa. Ba wanda ya fasa, ƙamshin fumfunar ne, wani sinadari da wasu irinta ke fitarwa kuma yana cikin makamanta.

Gwajin da ya fi burge ni: kwalba mai faɗi, baƙin da ya fito daga itacen gindi na 8 a gefe ɗaya, koren a ɗaya gefen. Kwana uku suka haɗu a tsakiya, baƙin ya tsaya cak. Yau kwana bakwai, koren ya hau kansa ya wuce har bango. Na nuna wa abokan kasuwa a waya, ɗaya ya ce wannan ai dambe ne. Likita ta kwantar da ni: kwalba daban, itace a rana daban.

Wani abin da ban zata ba. Iya da ke bayan filina tana noman naman kaza a ledojin garin katako. Ta ga ledojina ta kama kai, ta ce wannan koren shi ne annobar sana'arta, idan ya shiga ɗakinta ta gama. Gaskiyarta ce, a wurin masu naman kaza Trichoderma cuta ce. Na yi mata alkawari ba zan buɗe leda ko in shanya a lambu ba, a gida zan haɗa ruwan in kawo a jarka.

Asabar da Lahadi, 11 da 12 ga Janairu

Babban aiki. Hunturun Legas ba shi da ƙarfi, amma dai sama ta bushe, kuma wannan nake nema. Mako biyu ke nan na janye ban ruwa, ranar Alhamis na tsige ganyen, saboda a nan inabi ba ya barci da kansa kamar a ƙasar sanyi, sai an tilasta masa.

Na fara da lafiyayyu, masu ciwo a ƙarshe. Tsakanin gindi da gindi ina goge almakashi da sifirit. Kowane yanka a karkace don ruwa ya zame, kuma na bar ɗan dungu kamar gaɓar yatsa a saman idon ƙarshe.

Sai masu ciwo. Ƙa'idar ita ce ka yi ta yankawa ƙasa-ƙasa har ka ga itace fari tas, sannan ka ƙara aƙalla santimita 10. Na 3 da na 12 sun tsaya a daidai gwiwa. Na 7 na ga fari a wajen ƙugu, na ƙara kaɗan na tsaya, don akwai wani kyakkyawan reshe a nan da ban so in rasa. Na 8 kuwa na bi tabon har ƙasa, na tone, yana cikin saiwa. Na tumɓuke shi. Shi ne ya fi kowane zaƙi. Saura 13.

Ruwan shafawa: dawa kofi 2 a lita 2 na ruwan bohol, na cuɗa har ruwan ya koma kore, na tace da ɗankwali, na narka ƙaro cokali ɗaya a ciki don ya manne. Ruwan da aka sa wa kulorin ba ya yi, kashe ta yake. Ƙaro N1,000 a wajen mai kayan koli a Agege.

Ban shafa nan take ba. Sabon yanka yana zubar da hawaye, zai wanke abin. Da safe na yi askin, sai bayan la'asar na bi da buroshi, rana ta yi sanyi.

Rabo: gindi 7 Trichoderma, har da 3, 7 da 12. Gindi 4 fentin ruwa. Gindi 2, wato 13 da 14, ban sa musu komai ba. Da ƙyar na yarda da wannan, ji nake kamar na bar 'ya'ya biyu a waje da dare, amma Likita ta ce in babu su ba abin da za mu gwada da shi.

Laraba, 15 ga Janairu

Na dawo da ban ruwa, a gindi kawai, da bokiti.

Juma'a, 24 ga Janairu

Taransifomar unguwa ta ƙone, kwana biyar ba wuta. Leda 5 da kwalbar uwar iri duk suna firij. Uku sun yi gumi sun lalace. Biyu na juye a tire na shanya a ɗaki, a inuwa, na rufa da gidan sauro, sun bushe na zuba a kwalba. Uwar irin na kai wa mai sayar da ƙanƙara ya ajiye mini a gefen da ba ya daskarewa. Nan gaba zan yi daidai buƙata, kwana goma kafin aski, in daina tara abin da ba zan iya riƙewa ba.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Toho ko'ina. Na 3 ya fito da uku daga kututture, na 12 biyu. Zan bar biyu-biyu in ɗaure a sanda.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Na iso na tarar da ganye yana ɗigar farin ruwa. Yaron lambu ya ga ɗigo-ɗigo a ganyen gindi na 1 da na 2, ya ɗauko ragowar maganin tumatir ya fesa, har kan yankan. Na duba leda, akwai kabendazim a ciki, wanda yana daga cikin magungunan da Trichoderma ba ta jurewa. Na fara faɗa sai na tuna ban taɓa zaunar da shi na yi masa bayani ba. Ya ce, "Baba, na ga ka sha wahala a kansu ne, na ce kada su lalace." Na ɗauko kwalbar damben na nuna masa, na ce koren nan namu ne, yana zaune a bakin kowane yanka, maganin fumfuna kuwa bai san namu da na wani ba. Yanzu makullin akwatin magani yana aljihuna. Bayan mako guda zan sake shafa wa biyun daga busasshiyar dawar.

Asabar, 22 ga Fabrairu zuwa 1 ga Maris

Mako shida da aski. Likita ta zo muka yanki dungu uku-uku a kowane gindi, muka ɓare, muka wanke da bilic, muka ɗauki gutsure daga ƙasan bakin yankan muka sa a kwalba. Inda muka yanka muka sake shafawa. Yau 1 ga Maris, ranar farko ta azumi, na ƙirga.

Masu Trichoderma, gutsure 21: kore ya fito a 15, baƙi a 2, sauran 4 wasu abubuwa ko ba komai. Cikin shidan da koren bai fito ba, huɗu daga gindi na 1 da na 2 ne, waɗanda aka fesa. Masu fenti, gutsure 12: baƙi a 3. Na je na duba, fentin ya tsattsage yayin da itacen ke bushewa, tsagar ta isa ƙura ta shiga. Marasa komai, gutsure 6: baƙi a 3.

Na yi murna, abin da na shafa yana raye a cikin itace bayan mako shida a zafin Fabrairu. Amma Likita ta tambaye ni ina 13 da 14 suke. A ƙarshen layi, ƙarƙashin mangwaro. Ta yi dariya: "Kawu, ka ajiye marasa tsaro a bakin gidan ɓarawo, sannan ka ce an fi yi musu sata." Da na warwatsa su cikin layi da lissafin ya fi gaskiya. Kuma gindi 13 ba adadin da za a kafa hujja da shi ba ne. Abin da zan iya cewa kawai: ta kama, ta zauna, kuma inda ta zauna baƙin bai cika shiga ba.

Lahadi, 16 ga Maris

Fure ya zuba, 'ya'ya sun ɗaura. Azumi da kasuwa, sau ɗaya nake zuwa a mako.

Asabar, 5 ga Afrilu

An yi Sallah ranar Lahadi, ruwa kuma ya fara sauka da gaske. Da shi farar fumfunar ƙasan ganye ta zo, wadda ke sa saman ganye ya yi tabo kamar an ɗiga mai. Wannan ciwon daban ne, kuma maganinsa tun 1885 aka samo shi a yankin Bodo na Faransa, wato haɗin tagulla da farar ƙasa. Na sayi na tagulla N4,500, na fesa wa ganye kawai, na ɗaure manyan yankan 3, 7 da 12 da leda kafin feshin na kwance bayan ya bushe.

Doka daga yau har ruwa ya ɗauke: ba wuƙa, ba almakashi a jikin tsohon itace. Ɗanyen toho da hannu za a karya, ranar da rana ta fito.

Asabar, 19 ga Afrilu

Na 7 ya tafi. Reshen nan da na yi wa kawaici ya yi tsawo har ya hau rumfa, ya ɗauki nono biyu, sai cikin kwana huɗu ya yi yaushi daga sama. Na karya dokata na yanka, don ba sauran abin karewa. A saman, inda na shafa, itacen fari ne kamar yatsa biyu. Ƙasa da nan tabon yana nan a gefe guda, siriri kamar zaren buhu, ya wuce ƙarƙashin reshen. Tun Janairu yana wurin, idona ne ya ƙi gani saboda ina son reshen. Koren ya tsare ƙofa, ɓarawon kuwa yana cikin ɗaki.

Na kira Baffa na faɗa masa. Ya yi shiru, sannan ya ce shi ma a gonarsa akwai waɗanda suka bushe haka, shekara da shekaru yana ɗora wa gara. Ya ce in na zo Babbar Sallah in taho da kwalbar. Na ce, "Baffa, kafin nan ka ɗauki zarto ka yanka guda ka turo mini hoto." Tunanin da ya zo mini bayan mun ajiye waya shi ne, ba mamaki wasu sandunan da ciwonsu suka baro Kudan, domin yana bin sandar dashe.

Na yanke na 7 dab da ƙasa, wannan karon har taƙi guda cikin farin itace, na shafa, na kifa masa gwangwani don ruwa.

Asabar, 3 ga Mayu

Na 3 da na 12 sabuwar gangarsu ta kai waya, kaurin babban yatsa, ganye lafiya. Bana ba 'ya'ya a kansu, na tsinke. Sauran goman suna ɗauke da kaya, baƙaƙen sun fara juya launi, tsuntsaye sun gano. Na 7 ya fito da toho ɗaya daga ƙasa.

Lissafi zuwa yau, har da gas na N7,000: N100,400. Tukunya ce fiye da kashi ɗaya cikin uku, kuma tana can ana dafa ganda da ita.

Mai mangwaro ya yarda in sare busassun rassan in ƙone, da sharaɗin ni zan biya mai hawa, an yi ciniki N6,000, sai ranar da ba hadari. Askin gaba ina duban ɗan tsagaitawar ruwa ta watan Agusta, in sama ta ba da kwana uku a jere, in ba ta ba ba a bari sai Disamba. Wannan karon takarda zan naɗe in jefa a hula, yaron lambu ya zaɓo waɗanda za a bari ba shafi. Sabbin sandunan da za su maye gurbin waɗanda suka mutu kuwa daga gindi na 5 zan yanka, in duba cikin kowace, in jiƙa su a ruwan koren kafin su shiga ledar reno. Uwar irin ta kusa wata biyar, Likita ta ce a sabunta ta a sabuwar kwalba kafin ƙarshen wata, kuma aga ya ƙare.

Gidan sauro uku zan sayo ranar Litinin saboda tsuntsaye.